Dutsen Kaltume Mai Jar Kibiya

In ka sauka a tashar Kawo ka bi layin masu walda ka gangara, duk matar da ka tambaya gidan Hajiya Kaltume mai yaji za ta nuna maka. Yajin jegonta ya fara shiga ɗakunan masu haihuwa tun Kawo tana bakin gari, jariran da iyayensu suka sha farfesu da shi kuwa wasu har sun fara furfura. Ita ba mai yawan fita ba ce. Ta haifi 'ya'ya, ta rasa wasu tun suna goye, ta aurar da sauran, ta yi jinyar mijinta Malam Datti har Allah ya karɓi abinsa. Daga nan duniyarta ta tsaya tsakanin turmi, tabarmar salla da ƙofar zaure.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani, a hankali, yadda mai yake kwanciya a kan miya in ta huce. Kafar allura ce ta fara ɓace mata, sannan fuskokin jikoki, har ya zama da murya take gane mutum. Autanta Fahad, wanda yake aikin gwamnati, shi ya matsa aka yi mata aikin idon dama, ya ɗauke ta zuwa gidansa a Kinkinau don ta yi jinya a hannun matarsa Ilham. Likita ya faɗa musu abu biyu. Na farko, kada ruwa ya taɓa fuskarta sai wurin ya warke. Na biyu, ciwon suga ya riga ya taɓa can cikin idon, saboda haka hasken da za ta samu ba zai iya cewa ga iyakar daɗewarsa ba.

Kaltume ta bar wa Allah na biyun. Na farkon kuwa ta ce ai da sauƙi, taimama za ta riƙa yi. Ilham ta tashi za ta samo dutse mai tsabta a tsakar gida, tsohuwar ta ce a'a, a je Kawo, a duba ƙarƙashin gadonta kusa da tukwanen yaji, nata yana nan.

Dutsen bai fi tafin hannu biyu ba. Launin toka ne da ɗigo-ɗigon baƙi, cikinsa kuma ga wasu fararen ƙwayoyi dogaye, kowace kamar gaɓar yatsa, waɗanda marigayi yake kira haƙoran doki. A samansa akwai kibiya da aka zana da jan fenti, ta koɗe har ta kusa bajewa.

Kwanakin da idon yake rufe da auduga, Ilham ce take kawo mata shi duk lokacin salla. Kaltume tana jin yadda take ajiye shi, ta ɗan juya, ta sake gyarawa, kamar mai saita rediyo. Ranar da aka cire audugar, haske ya dawo da zafinsa, ta ga zanen labule, ta ga jikarta Humaira ta yi wawulo, sannan da azahar ta ga abin da surukarta take yi: tana daidaita kibiyar da gefen sallaya, tsininta yana duban gabas.

Ta tambaye ta dalili. Ilham ta ce ai ta ga Baba ya yi wa dutsen alamar alƙibla ne, shi ya sa take kula kada ta karkace.

Kaltume ta yi dariya har sai da ta dafe idon da aka yi wa aiki. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kin sa dutsen bawan Allah yana ta salla, shi kuwa ba don salla aka zana masa ba. Arewa yake nema."

"To Hajiya, me dutse zai je yi arewa?"

"Ba zuwa zai yi ba. Tunawa yake yi."

Ta karɓe shi ta juya shi da kanta. Rabonta da ganinsa da ido ya kai shekaru, sai dai ta taɓa. Yanzu ga haƙoran nan duk sun kwanta sun fuskanci gefe guda, kamar awaki a inuwar katanga. Ga kibiyar kuma, wadda tafin hannun mijinta ya fara cinyewa a jinyarsa ta ƙarshe, nata tafin yana ƙarasawa.

An haifi Kaltume a wata 'yar unguwa ta manoma a bayan Kawo, lokacin da in ka wuce gidajen sai gonakin dawa da rafi. A bayan gidansu akwai wani falalen dutse mai faɗi, wanda matan unguwar suke shanya a kai. In kaka ta yi, za ka hango shi daga nesa ya yi ja da barkono, ya yi kore da yankakkiyar kuɓewa. Aikin 'yammata shi ne zaman gadi, kada kaji da awaki su yi ɓarna. A can ta koyi kitso, a can ta koyi bambanta barkono mai zafi da mai ƙamshi, a can kuma wata rana motar ma'aikatan binciken ƙasa ta tsaya, mutane suka sauko da guduma da taswira.

Datti shi ne ƙaraminsu, mai riƙon kamfas, na'urar da ke nuna arewa. Dogo ne, siriri, ɗan Zariya da ya gama sakandare ya samu aikin bin masana daji. Ya zo ya tsaya a kanta ya yi sallama, ya roƙe ta ta ɗan janye barkononta, wai ya rufe masa abin da zai auna. Ta dubi wurin, ba ta ga komai ba sai dutse. Ta ce in dutse yake nema ga shi nan har gaban rafi, me ya sa sai na ƙarƙashin shanyarta? Ya ce a nan ne haƙoran suka fi fitowa. Ta janye tana ƙunƙuni. Ya durƙusa ya ɗora kamfas, barkono ya shiga hancinsa, ya yi ta atishawa har abokan aikinsa suka zauna don dariya. Bai iya auna komai ba a ranar. Washegari ya dawo, jibi ma ya dawo, har ƙawayenta suka fara cewa dutsen nan dai ba ya aunuwa.

Ranar da iyayenta suka karɓi maganarsa, ya zo falalen da guduma da ƙarfe mai kaifin baki. Ya ce ta tashi daga inda take zaune. Ya ɗora kamfas a daidai wurin, ya zana jar kibiya, sannan ya bi gefen wata tsaga ya yi ta dukan dutsen har ɓallin ya fita, ya bar rami mai kusurwa uku. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ce samarin mutane turare suke kawowa da atamfa. Ya ce za su zo, amma su ƙarewa za su yi.

Ma'anar kibiyar ba a rana ɗaya ta fahimce ta ba. Malam Datti mutum ne da yake tafiya daji duk rani, ya dawo da damina baƙi wuluk, buhunansa cike da duwatsu, bakinsa cike da magana, kuma ba wanda zai saurare shi sai ita. Yakan ja kujera 'yar tsuguno ya zauna kusa da murhu tana girki, abin da maƙwabta a gidajen ma'aikata suka daɗe suna yi masa tsiya a kai.

A bakin tukunyar tuwo ya koya mata. Ya ce wannan dutse, da a ofis suke ce wa giranait, ba haka yake ba a da. Can ƙarƙashin ƙasa yake, da nisa, narkakke, mai zafi da kauri kamar talge. Fararen ƙwayoyin nan su suka riga ƙulluwa, suna yawo a cikinsa kamar gudaji, sai dai su dogaye ne. Da talgen ya taso yana kutsawa cikin tsofaffin duwatsun da ke samansa, yana buɗa wa kansa wuri mai girman gari, sai ƙwayoyin suka riƙa juyawa suna kwanciya ta inda tafiyar ta nufa, yadda kara yake miƙewa a ruwan rafi. Ya ce in talgen ya yi ruwa da yawa ba sa tsayawa, yanzu su kwanta nan anjima su wuntsula. In ya yi tauri kuma ba sa iya juyawa. Akwai wani lokaci a tsakani, daidai lokacin da tuwo yake fara kama muciya, to a nan ne suke kwanciya su zauna ke nan.

Ya nuna mata yadda tuwon yake zagaya gefen tukunya. Haka su ma, in ji shi, na kusa da bango bangon suke bi, na tsakiya kuwa sau da yawa kowa da inda ya dosa. Shi ya sa suke yawo suna aunawa nan da can, don su gano siffar tukunyar da ba wanda ya taɓa gani. Ta tambaye shi kwana nawa tuwon ya yi kafin ya huce. Ya ce dubban shekaru ninkin ba ninki. Ta ce Allah ya ji ƙan waɗanda suka zauna jiran wannan tuwo.

Akwai kuma abin da ya faɗa mata daga baya, shekarar da suka binne 'yarsu ta biyu, suna zaune ba mai iya cin abinci. Ya ɗauko wani dutse daga buhunsa ya nuna mata ƙwayoyin da suka tsattsage, da wasu masu kama da gilashi da suka miƙe sirara kamar alewar da aka ja. Ya ce wannan bayan ya daskare ne ƙasa ta sake matse shi. Wanda aka matsa yana da taushi juyawa yake yi. Wanda aka matsa bayan ya yi tauri sai dai ya tsage. Mai ido yana iya raba su.

Kibiya kuwa ƙa'idar aikinsu ce. Kafin a ɓalle dutse daga uwarsa sai an ɗora kamfas an zana masa arewa, domin da zarar ya hau hannu aka juya shi sau ɗaya, ba wanda zai sake sanin inda haƙoransa suka dosa. Dutsen da ba kibiya, in ji Malam Datti, yana nan da kyansa, amma ya manta garinsu.

Nata dutsen ya yi aiki iri-iri a gidan aure. Ya tokare ƙofa, ya danne murfin tukunya, yara sun fasa gyaɗa da shi. Sau da yawa sun yi maganar za su koma falalen su ga ramin, sai haihuwa, sai canjin wurin aiki, sai iyayenta suka rasu aka sayar da gidan, sai ritaya, sai ciwo. Tsakanin gidansu na Kawo da wurin ba tafiya ba ce mai nisa. Wataƙila shi ya sa ba su je ba.

Da Fahad ya dawo daga ofis a ranar, ta ce masa tana so ya kai ta. Tana so ta ga ramin da idonta, ta mai da ɓallin cikinsa ta ga ya zauna, tun hasken nan na aro yana hannunta. Ya ce wurin fa duk ya zama gidaje, ga rana, ga idon bai gama warkewa ba, a bari sai bayan wata guda. Ta ce ita da babansa sun shekara hamsin suna bari sai bayan wata guda. Ranar Asabar da hantsi ya fito da mota, Ilham ta naɗe dutsen a ɗankwali, ta sa wa tsohuwar baƙin tabarau.

Sun wuce gadar Kawo, suka bar kwalta suka shiga lunguna. Kaltume tana manne da gilashi tana neman tsamiyar da ke bakin hanya, da rijiyar unguwa, da gangaren rafi. Ba ko ɗaya. Shagunan caji, makarantun kuɗi masu fentin shuɗi, katanga bayan katanga. Rafin ya zama kwata mai ɗauke da ledoji. Sau biyu ta ce nan ne, suka tsaya, ta duba, ta ce ba nan ba ne. Ilham ta ce ko dai a tambayi masu Keke Napep, Fahad ya ce waɗannan da aka haifa jiya, unguwar ma ta girme su.

Wani dattijo da ke zaune a ƙofar masallaci shi ya gane abin da suke nema. Ya ce falalen shanya? Ai tun tuni masu fasa dutse suka cinye shi, suna hura masa wuta da tsofaffin tayoyi yana ɓarewa, rabin harsashin gidajen nan da shi aka yi. Abin da ya rage an yi gini a kai. Amma in sun bi lungun da ke bayan injin niƙa za su ga ɗan guntunsa.

Guntun bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, a matse tsakanin katangu, akuya tana kwance a kai. Kaltume ta cire takalmi ta hau. Ɗumin dutsen ya ratsa tafin ƙafarta, nan take ƙafar ta gane abin da ido bai gane ba tukuna. Ta zagaya a hankali tana duba kowace tsaga. Ba rami mai kusurwa uku.

Ta zauna, ta kwance ɗankwalin, ta ce, "Auta, abin nan na wayarka da kake neman alƙibla da shi in ka yi tafiya, yana sanin arewa?"

Ya ce yana sani. Ya durƙusa ya ajiye wayar a kan dutsen, allurar ta yi rawa ta tsaya. Kaltume ta ajiye ɓallin, ta juya shi har koɗaɗɗiyar kibiyar ta daidaita da allurar. Suka sunkuya su uku. Haƙoran da ke cikin ɓallin da na dutsen da ke ƙarƙashinsa sun kusa zama layi ɗaya, amma da ɗan saɓani, kamar sahun da mutum ɗaya ya ɗan karkace.

Ilham ta ce ai ya yi daidai. Kaltume ta girgiza kai, ta ce ɗan uwansa ne dai, amma ba a nan ya kwanta ba. Ta ja jiki gaba ta sake gwadawa, saɓanin ya ragu. Ta ƙara matsawa, ya ƙara raguwa. Haƙoran suna lanƙwasa a hankali, yadda marigayi ya ce suna yi in sun bi bango, ita kuma tana bin su da gwiwa da tafin hannu, tsohuwa mai baƙin tabarau, har goshinta ya kusa taɓa katangar wani gida. Dutsen ya shige ƙarƙashin katangar ya tafi abinsa.

Fahad ya ce to an yi iya yi. Ita kuwa ta miƙe ta zagaya ta ƙofar gidan ta yi sallama.

Matar gidan, Harira, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ga tsohuwa da dutse a hannu, ta ɗauka mai neman taimako ce ko mai magani, har Ilham ta yi mata bayani a taƙaice. Ta ce ikon Allah, su shigo. Tsakar gidan duk siminti ne, sai a kusurwa ɗaya, wajen wanke-wanke, inda wani ɗan tudun dutse ya turo kai. Harira ta ce ya gagari magina ne, maigidan ya so a fasa, aka ce in an taɓa shi ɗakin zai tsage, shi ne suka bar shi suna kife kwanuka a kai.

Aka kwashe kwanukan. Sabulu da toka sun yi wa dutsen farin lulluɓi, ba a ganin komai a jikinsa. Kaltume ta lalube shi da yatsu daga wannan gefe zuwa wancan. Nan ma ba rami. Fahad ya saita wayar, ta ajiye ɓallin, amma ba abin da za a gwada shi da shi.

Ta daɗe a tsugune. Sannan ta tuna yadda Malam yake yi in dutse ya ƙi magana, yakan tsiyaya masa ruwan gorarsa ko da shi zai kwana da ƙishi. Ta ce, "'Yata, ki taimake ni da ruwa. Ba ni zan taɓa ba, shi za ki zuba wa."

Harira ta kawo bokiti da soso ta goge wurin, ta ɗauraye. Ilham ta sa tafin hannu ta kare fuskar tsohuwar kada ya fantsama. Ruwan ya gangara, dutsen ya yi duhu, sai ga su sun fito, farare tas, manya da ƙanana, ɗaruruwa, duk sun kwanta gefe guda. Kaltume ta dubi na ɓallin ta dubi nasu. Babu saɓani ko na tsinke. Layin ya tashi daga cikin ɗan dutsenta ya sauka a kan uwar ya ci gaba, taku biyu ko uku, ya shige ƙarƙashin bangon ɗakin kwanan Harira.

"Nan ciki yake," in ji ta. "Nan nake zama."

Harira ta dubi bangon ɗakinta kamar yau ta fara ganinsa, ta ce ai kuwa daidai nan gadonta yake. Fahad ya juya baya yana gyara hularsa.

Kaltume ba ta nemi a buɗe mata ɗakin ba, ta san siminti za ta gani da leda. Ta zame ta zauna a gefen tudun, ta cire tabaran duk da Ilham tana hana ta, ta zuba wa fararen haƙoran ido. Rana ta ɗago, dutsen ya fara bushewa daga gefe, launin toka yana dawowa yana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, na kusa da bango su ne na ƙarshe. Da suka kusa ɓacewa ta ɗaga kai ta dubi matar gidan.

"In akwai saura a bokitin, ki ƙara masa kaɗan."